Fadama, Murhu da Gatari: Inda Hayaƙin Kebbi Yake Fitowa da Inda Ya Kamata Gwamnati Ta Sa Kuɗinta

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗaukar wa Najeriya alƙawari: zuwa shekarar 2060, iskar da ƙasar ke fitarwa mai ɗumama duniya ba za ta wuce wadda dazuzzukanta da ƙasarta ke shanyewa ba. A watan ne kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Tun kafin nan, a cikin shekarar, Najeriya ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za ta rage kashi 20 cikin ɗari na hayaƙin da ake hasashen za ta fitar a 2030 da kuɗin aljihunta, ko kashi 47 idan tallafi ya zo daga waje.

A Abuja aka tsara alƙawarin, amma cikawarsa tana hannun jihohi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Gandun daji, burtali, malaman gona, ma'aikatan da ke ba da izinin sare itace, duk na jiha ne da ƙananan hukumomi. Tun daga Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ma, jiha na da ikon tsara kasuwar wutarta. Saboda haka abin da ake yankewa a gidan gwamnati na Birnin Kebbi ya fi kusa da gonar mutumin Suru ko Augie fiye da duk takardar da aka sa wa hannu a ƙasar waje.

Kebbi ba ta da matatar mai, ba a ƙona iskar gas a rijiyoyi kamar a Neja Delta, manyan masana'antunta kuma na casar shinkafa ne, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Hayaƙin jihar yana tashi ne daga fadamar shinkafa, da injin ban-ruwa, da murhu, da ramin gawayi, da dajin da ake sarewa ana ƙonawa, da tumbin shanu. Duka a hannun talaka suke. Don haka duk matakin rage hayaƙi da bai rage wa manomi ko uwargida kashe kuɗi ba, ranar da motar aikin ta daina zuwa ƙauye ranar zai mutu. Wanda ya rage musu kuwa, ko ba tallafi zai yaɗu daga gona zuwa gona. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kowane shiri.

Shinkafa ce kan gaba, ga shi kuma ita aka fi mantawa da ita idan ana maganar muhalli. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bazu a fadamun Rima da Kwara, daga Argungu da Birnin Kebbi zuwa Bunza, Suru, Bagudo da Yauri. Alheri ne babba. Sai dai idan ruwa ya kwanta a kan ƙasa kwana da kwanaki, iskar shaƙa takan ƙare a cikin taɓo, wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatarta su kama cin ruɓaɓɓen ciyayi da saiwoyi, suna fitar da iskar metan. Yawancinta ta cikin karan shinkafar take bi ta fita sama. Kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar kilo 27 na iskar kabon idan aka auna a kan shekara ɗari, a kan shekara ashirin kuwa ya kai kusan 80.

Ƙiyasin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da shi ya nuna hekta ɗaya ta shinkafa da ruwa ke kwance a cikinta ba yankewa tana fitar da kusan kilo 1.2 na metan a kowace rana. A kwana 100 daga dashe zuwa yanka, kilo 120 ke nan, daidai da tan uku da ɗoriya na iskar kabon. A gefe guda, lita ɗaya ta fetur tana fitar da kilo 2.3 na iskar kabon. A ce manomi ya ƙona lita 300 a hektarsa a rani guda, kilo 690 ya fitar. Wato ruwan da ke kwance shiru a fangali ya ninka hayaƙin injin da ke ta ƙara a bakin rijiya fiye da sau huɗu.

Maganin ba shi da tsada. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta daidaita wata hanya ta jiƙawa da busarwa bi da bi, kayan aikinta kuma guntun bututun roba ne kawai. A yanko bututu mai tsawon santimita 30, faɗin bakinsa 10 zuwa 15, yadda hannu zai shiga. A huda ƙananan ramuka kewaye da santimita 20 na ƙasansa, da ƙusa mai zafi ma ya isa. A kafa shi cikin fangali, ɓangaren mai huji ya nutse, santimita 10 su rage a sama, sannan a kwashe taɓon da ke cikinsa har ƙasa. Wurin kafawa ya zama kusa da kunya don a riƙa leƙawa ba tare da taka shuka ba, amma kada ya zama kwari ko tudu, ya zama daidai da yawancin gonar.

Mako biyu bayan dashe, idan shuka ta kama, sai a fara. A ba da ruwa ya kai santimita 5 a saman ƙasa, a bar shi ya janye. Ruwan zai ɓace daga ido, saman ƙasa ya bushe har ya ɗan tsage, amma manomi ba zai kunna inji ba sai ruwan da ke cikin bututu ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa. Har zuwa wannan zurfin saiwar shinkafa tana shan ruwa, ba ta san an yi fari ba. Daga nan a sake cikawa zuwa santimita 5. Lokaci ɗaya ne ba a wasa da shi: daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, dole ruwa ya zauna, don ƙishirwa a wannan gaɓar ita ke haifar da zangarniya mara ƙwaya. Bayan nan a koma jiƙawa da busarwa, a yanke ruwa gaba ɗaya kwana goma zuwa mako biyu kafin yanka. Inda aka bi wannan ƙa'ida, ruwan da ake zubawa yakan ragu har zuwa kashi 30 cikin ɗari, metan ya ragu da kusan rabi, amfanin gona kuma bai taɓu ba.

Abin yakan lalace ta hanyoyi sanannu. Gonar da ba a baje ta daidai ba, tudunta zai ƙone alhali bututu na nuna akwai ruwa, don haka daidaita fangali shi ne aikin farko, ba huda bututu ba. Idan ciyawa ta yi yawa, busarwa da wuri ƙarfi take ƙara mata, gara a jinkirta zuwa mako uku har a gama cira. A ƙasa mai yashi ruwa kan zurare cikin kwana ɗaya ko biyu, sai an leƙa bututu safe da yamma. Idan kuma aka watsa yuriya a busasshiyar ƙasa aka bar ta, sai ta tashi sama a banza, wani ɓangarenta ya zama iskar naitiros wadda ta fi kabon ɗumamawa sau 273. Taki ana zuba shi dab da ba da ruwa. Mafi kyau ma shi ne dunƙulen yuriya mai nauyin giram 1.8 ko 2.7, a cusa shi santimita 7 zuwa 10 cikin taɓo a tsakiyar kowane gindi huɗu, mako guda bayan dashe, a gonar da aka dasa a layi da tazarar santimita 20. Buhu ya ragu, ciyawa ba ta samu rabonta ba. Wahalarsa ƙwadago, ga ciwon baya, shi ya sa ba ya karɓuwa sai inda aka samar da na'urar cusawa.

A nan sai a yi hattara da alƙaluman da aka ɗebo daga Asiya. Shinkafar damina ta fadama mai zurfi, wadda kogi ke malalowa ya rufe, ba mai iya janye mata ruwa, wannan dabara ba ta shafe ta ba. Manomin rani mai injin fetur kuwa, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tsada ta riga ta hana shi barin ruwa ya kwanta. Yana jiƙawa yana busarwa ne ba tare da ma'auni ba, wani lokaci yana wuce gona da iri shinkafa ta sha wuya. A wurinsa amfanin bututu shi ne ya san ranar da ya kamata ya kunna inji, kada ya yi asarar mai, kada kuma ya yi asarar buhu.

Wannan ne ya sa rabon injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, wanda gwamnatin Nasir Idris ta yi wa dubban manoma, yake buƙatar a dube shi da idon basira. Mataki ne mai kyau, domin ya taɓa inda ke yi wa manomi ciwo. Amma ranar da ruwa ya zama kyauta, dalilin tsimi ya tafi. Manomi zai kunna inji da hantsi ya bar shi har la'asar, fangali ya cika ya kwanta, ciyawa ta mutu, shi kuwa ya huta. Gonar da ta koma daga jiƙawa da busarwa zuwa ruwa kwance za ta ƙara kusan kilo 54 na metan a hekta, daidai da tan ɗaya da rabi na kabon. An kashe kilo 690 na hayaƙin fetur, an haifi ninkinsa biyu daga taɓo, ga ruwan ƙarƙashin fadama yana ja da baya. Injin tsotso na saman ƙasa ba ya iya ɗago ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, saboda haka idan ruwan ya sauka a watan Afrilu, maƙwabta masu gajerun rijiyoyi ne za su fara kuka. Bai kamata injin sola ya bar rumbun gwamnati ba sai da bututun awo a ɗaure a jikinsa, da malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar, da zai nuna yadda ake karanta shi.

Sai kuma girman injin. Ruwa mai zurfin santimita 5 a hekta ɗaya lita 500,000 ne. Injin fetur mai bakin inci uku, idan rijiya na ba da ruwa sosai, zai iya zuba wannan a yini guda mai tsawo. Injin sola mai ƙarfin doki biyu da ke ɗaga ruwa mita goma yana ba da abin da bai wuce lita 27,000 a awa ba, rana mai ƙarfi kuma awa biyar zuwa shida ce, wato fiye da kwana uku kafin ya gama zagaya hektar. Wanda aka ba ƙaramin inji alhali gonarsa hekta biyu ce zai ce sola ƙarya ce, ya sayar da farantan a kasuwa ya koma fetur. Kafin rabo sai an san faɗin gonar mutum da zurfin rijiyarsa. Farantan su fuskanci kudu, a karkace su kamar digiri 12 zuwa 15. A lokacin hunturu, daidai sa'ad da ake dashe, ƙura kan rufe su ta rage musu ƙarfi sosai, sai ana gogewa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana ja wa duk layin baya. Abin da ya fi kashe waɗannan injina shi ne yashi da ke cinye farfela, da barin inji yana juyawa bayan ruwa ya ƙare, da ƙonewar akwatin sarrafa wuta. Idan babu mai gyara da kayan gyara a Argungu, Kamba, Jega da Yauri, injin da ƙaramin abu ya lalace a cikinsa ya zama kwanton ƙarfe. Horar da masu gyaran janareta da suke kasuwannin nan tun tuni ya fi ƙara yawan injinan da za a raba amfani.

Bayan yanka, karan shinkafa. Ƙona shi a gona asarar taki ne da abincin dabbobi, ga hayaƙi. Binne shi ɗanye dab da sakin ruwa kuma abinci ne ga masu haifar da metan. Ko dai a kwashe a ba dabbobi a dawo da kashinsu, ko a tara a yi takin gargajiya, ko a juya shi cikin ƙasa fiye da wata guda kafin a ba da ruwa don ya ruɓe a sarari. Ɓuntun da ke tsibi a bayan injinan casa yana ci da wuta a hankali, makamashi ne da ake zubarwa, alhali matan da ke turara shanshera suna sayen itace da tsada. Akwai murhun da aka ƙera don ƙona ɓuntu, maƙeran gida kuma suna iya yin sa idan an ba su samfuri.

Daga fadama sai madafa. Murhun duwatsu uku yana kai wa tukunya kashi 10 zuwa 15 ne kacal na zafin itacen da aka cusa masa, saura ya bi iska. Ingantaccen murhu, na ƙarfe ko na yumɓu, yana kai kashi 25 zuwa 40, wato damin itacen da ke ƙarewa a kwana uku zai kai mako. Gawayi ya fi muni a wajen daji: a ramin gargajiya sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya, kuma masu yin sa ba sa neman sabara ko geza, ƙirya da marke da kaɗanya suke bi, itatuwan da ke shekaru da yawa kafin su girma. Dazuzzukan ƙasar Zuru da Yauri su ke biyan wannan farashi. Duk lokacin da kuɗin cika tukunyar gas ya tashi, gidajen Birnin Kebbi da suka bar gawayi sukan koma masa, buhunan da ke bakin titi su ƙaru.

Haramta gawayi da sanarwa a rediyo ba ya hana komai matuƙar tuwon dare na jiran wuta. Abin da yake yi shi ne ƙara kuɗin da ake karɓa a shingen hanya. Raba murhu kyauta ma ya sha faɗuwa a ƙasashe da dama, kusan kullum saboda dalili ɗaya: an ƙera shi ba tare da an tambayi mai girki ba. Tuƙin tuwon gidan mutum goma sha biyar yana son murhun da zai riƙe babbar tukunya kada ta motsa idan muciya ta shiga, mai karɓar itace ba sai an faskara shi ƙanana ba. Wanda bai cika wannan ba zai koma dafa ruwan shayi. Inda gwamnatin jiha ke da cikakken iko, kuma sakamako zai fito a lissafi cikin zango ɗaya, shi ne manyan madafai: makarantun kwana, asibitoci, tsangayu, masu gumi, masu suyar ƙuli-ƙuli, gidajen burodi. Makarantar kwana ɗaya tana cin itacen da unguwa guda ke ci. A gina mata murhun bulo mai rufaffen ciki da bututun hayaƙi, tukunya ta nutse a ciki har wuya, a auna itacen da ake saye kafin da bayan. Ribar farko ma ba ta yanayi ba ce, ta idanu da ƙirjin matan da ke tsaye a kan wutar ce.

Dashen itace shi ne abin da gwamnatoci suka fi so, don ana iya ɗaukar hotonsa. Kebbi na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa a 2015, kuma daga arewacin Kebbi ne zirin ya tashi ya nufi Borno. Tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Kuɗin nan rance ne mai sauƙin sharaɗi, amma rance ne, za a biya. Don haka tambayar da ta dace ba tsiro nawa aka raba ba, nawa ne ke raye bayan rani uku.

Abubuwan da ke kashe dashe ba ɓoyayyu ba ne. Na farko makara: kuɗi ya fito a Agusta, a yi biki a Satumba, ruwa ya ɗauke a farkon Oktoba kafin saiwa ta nutsa. A ƙananan hukumomin Arewa da Dandi da Augie, inda damina gajeriya ce, tsiro ya kamata ya shiga ƙasa a Yuli, da zarar ruwa ya zauna. Hakan na nufin an cika leda an shuka iri a gandun reno tun Maris ko Afrilu, kuɗinsa kuma ya fito tun Janairu. Na biyu rami: a haƙa santimita 40 zuwa 50 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yanke ledar a cire, a datse saiwar da ta nannaɗe. Tsiron da aka dasa da ledarsa, ko aka zuba masa ɗanyen taki ya jawo gara, ya gama. A faƙo, inda ƙasa ta daskare ruwa ke gudu a kai, sai an haƙa ramin rabin wata mai faɗin mita huɗu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, kimanin 300 a hekta, a dasa a cikinsa. Na uku awaki, daga Disamba zuwa Yuni, lokacin da babu wani kore sai tsiron. Na huɗu, wanda ya fi duka, rashin mai shi. Itacen da aka ce na gwamnati ne ba mai ɗaukar masa bokiti. A biya mai kula gwargwadon abin da ya rayu, kashi-kashi, bayan ƙirga a ƙarshen kowane rani, ba gwargwadon ramin da ya haƙa ba. A kuma zaɓi abin da mutane ke da dalilin tsarewa: dakwara mai ba da ƙaro, magarya, aduwa, kuka, zogale, mangwaro inda ruwa ke kusa. Itacen turare yana da saurin girma, amma bakin fadama ba wurinsa ba ne, shan ruwansa ya yi yawa.

Akwai hanyar da ta fi dashe araha nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar Hausa aka gwada ta. A yankin Maraɗi na Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a lokacin sharar gona. Sassaben zamani ke nan. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, a datse ƙananan rassan gefe har rabin tsayi da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, a ɗaura ƙyalle alamar mai shi na so. Saiwar ta riga ta yi zurfi shekara da shekaru, ba ta neman ban-ruwa. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. Gawo shi ne sarkin wannan aiki, tunda yana zubar da ganye da damina, gero ya samu taki da rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi. Abin da ya sa ta karɓu a can shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne, zai sassabe shi ba tare da ma'aikacin daji ya ci shi tara ba. Wannan gyaran doka ne da umarni ga ma'aikata, ba ya cin kuɗi, kuma yana hannun majalisar jiha. Ƙasar Kangiwa da Kamba ba ta da wani bambanci da ta tsallaken iyaka.

Tsaron abin da aka rena kuwa ba zai yiwu ba sai da sarakuna. Masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru suna da hakimai da dagatai a inda ma'aikacin gwamnati ba ya kwana. Argungu ta nuna misali tun da daɗewa: ana hana kamun kifi a Matan Fada har sai lokacin biki, kuma ana bin hanin domin Sarkin Ruwa da jama'a sun san amfaninsa. Irin wannan yarjejeniya ce ake buƙata a kan gandun ƙauye, a zauna da manoma da ardo-ardon Fulani a shata inda za a killace na shekara uku da inda dabbobi za su bi. Shingen da ya toshe burtali rigima yake haifarwa, a ƙarshe a wayi gari an cinye dashen. A wuraren da rashin tsaro ya hana shiga daji, kamar sassan Danko-Wasagu da Sakaba, gaskiya ita ce aikin gandun daji zai jira, a mayar da ƙarfi kan gonakin da ke kusa da gari.

Shanu suna fitar da metan mai yawa, amma babu gwamnatin da za ta ce wa makiyayi ya rage garke. Abin da ke yiwuwa shi ne rigakafi, ruwan sha, da abincin rani, yadda saniya za ta ba da nono da nama mai yawa a kan iskar da take fitarwa.

Duk wannan ba zai hana kogi cika ba. A ambaliyar 2020 an ruwaito cewa ruwa ya shanye fiye da hekta 400,000 na shinkafa a Kebbi. Hayaƙin jihar ɗigo ne a cikin na duniya, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa manomin Bagudo nauyin abin da masana'antun Turai da Amurka da Sin suka tara. Hujjar yin waɗannan ayyuka ita ce kowannensu yana da riba a gida tun kafin a zo maganar yanayi: mai ya ragu, taki ya ragu, itace ya ragu, ƙasa ta daina zaizayewa. Rage hayaƙin ƙari ne a kai, kuma ƙarin da za a iya sayarwa.

A kasuwar kabon, takardar shaida ɗaya tana wakiltar tan ɗaya da aka hana fita. Idan hekta na iya rage tan ɗaya da rabi a rani, jihar da ke da faɗin fadama irin na Kebbi tana da abin kaiwa kasuwa, kuma dillalai za su zo, wasu da takardun da ke neman a sa hannu na shekara ashirin ko talatin. Sai a karanta da kyau wa ke da mallakar shaidar, kashi nawa zai isa hannun manomi, wa zai biya masu tantancewa. Masu saye sun ƙara tsanani: a 2024 ƙungiyar Verra, mafi girma a masu rajistar irin waɗannan ayyuka, ta yi watsi da ayyukan shinkafa 37 na ƙasar Sin saboda ba a iya tabbatar da abin da suka yi iƙirari ba. Ba a biyan kuɗi sai an nuna yadda manomi ke ba da ruwa kafin shirin, da yadda ya koma yi bayansa, gona bayan gona. Manomin da tsadar fetur ta riga ta tilasta wa busarwa ba shi da ragi mai yawa da zai sayar, duk wanda ya yi masa alƙawarin akasin haka bai gaya masa gaskiya ba.

Don haka aikin da ya kamata ma'aikatun muhalli da na gona su fara tun wannan ranin shi ne rubutu. Taswirar gonakin rani da iyakokinsu, irin ƙasar kowace fadama, littafin da manomi ko jagoran ƙungiya zai riƙa rubuta ranar ba da ruwa da zurfin da bututu ya nuna, litar man da aka ƙona, zurfin ruwan wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi a farkon kowane wata daga Janairu zuwa Mayu, da ƙirgar itatuwan da suka rayu a watan Mayu ba a watan Satumba ba. Jami'ar da ke Aliero, da ta tarayya a Birnin Kebbi, da ta aikin gona a Zuru suna da ɗalibai da malaman da za su iya kafa akwatunan awon metan a fadamu uku ko huɗu masu ƙasa daban-daban, jihar ta samu alƙalumanta na kanta a maimakon aron na wata nahiya. Kuɗin wannan bai kai na kilomita ɗaya ta kwalta ba, kuma sai an sa shi a kasafi da sunansa, a sake shi kafin dashen Janairu.